Sulken Kifin Sitikilbak: Abin da ke Sa Shi da Abin da ke Tuɓe Shi

Kifin da Turawan Ingila ke kira sitikilbak, wanda masana suka sani da sunan Latin na Gasterosteus aculeatus tun da Carl Linnaeus ya raɗa masa shi a shekarar 1758, ɗan ƙaramin kifi ne da tsawonsa bai cika wuce na yatsan hannu ba, yana kuma zaune a gaɓar tekunan arewacin duniya da koguna da tafkunan da ke kusa da su, daga Turai zuwa Japan, daga Alaska zuwa gabashin Kanada. Ba shi da ɓawo a jiki irin na karfasa. Abin da yake da shi a madadin haka kayan yaƙi ne iri uku: ƙayoyi uku a gadon baya, da ƙaya biyu a ƙarƙashin ciki waɗanda ke kafe a kan wani ƙashi mai kama da ɗamara, sai kuma jerin allunan ƙashi da suka rufe masa gefe da gefe tun daga bayan kai har zuwa wutsiya. Idan ya ji haɗari yakan miƙar da ƙayoyin ya kulle su yadda ba sa kwantawa da sauƙi, kuma duk masuncin da ya taɓa fama da kurungu a cikin koma ya san yadda ƙaya kullalliya take hana kifi wucewa ta ƙaramar kafa. Allunan nan da ƙayoyin da ɗamarar ciki su ne gaba ɗaya ake nufi da sulke a wannan bayani.

Abin da ya sa wannan ɗan kifi ya zama abin nazari fiye da manyansa shi ne sulken nasa ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Wanda ke zaune a teku kusan kullum a rufe yake ruf, da alluna talatin da 'yan kai a kowane gefe, amma ɗan'uwansa na tafkin ruwan daɗi sau da yawa ba ya wuce alluna tara, dukansu a gaba kusa da kai, sauran jikin kuma tsirara. Akwai kuma na tsaka-tsaki, mai alluna a gaba da 'yan kaɗan a wutsiya da giɓi a tsakiya. Bambancin ya yi girman da masanin halittu na Faransa Georges Cuvier, a farkon ƙarni na 19, ya ɗauke su jinsuna dabam-dabam har ya ba kowanne suna nasa. Daga baya aka tabbatar jinsi ɗaya ne, suna barbara da juna, kuma masu ƙaramin sulken zuriyar na teku ne waɗanda suka shiga sababbin tafkuna bayan narkewar shimfiɗar ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin duniya, wato shekaru dubu goma zuwa dubu ashirin da suka wuce. Wannan tuɓe sulke bai faru sau ɗaya ba. Ya faru a ɗaruruwan tafkunan da babu hanyar ruwa tsakaninsu, kuma abin da ya maimaita kansa haka ba za a jingina shi ga dace ba. Dole akwai wani abu a ruwan daɗi da ke fifita mai ƙaramin sulke ya rayu ya hayayyafa fiye da mai cikakke, wanda shi ne abin da ake kira zaɓin yanayi. Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara saba'in suna ja-in-ja a kanta ita ce mene ne wannan abu.

Amsa ta farko, kuma mafi kusa da hankali, ita ce mafarauta. A tsakiyar shekarun 1950 Niko Tinbergen da abokan aikinsa Hoogland da Morris suka sa sitikilbak tare da wasu ƙananan kifaye marasa ƙaya a cikin tanki ɗaya da manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, sai suka ga manyan sukan cafki sitikilbak su tofar da shi, ba da jimawa ba kuma su koyi kauce masa su far wa marasa ƙayar. Wannan ya nuna amfanin ƙaya, amma bai bayyana amfanin alluna ba. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Tom Reimchen na Jami'ar Biktoriya a Kanada, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin tafkunan tsibiran Haida Gwaii, yana tattara kifayen da suka tsira daga bakin maharansu yana karanta tabon da ke jikinsu. Tabon haƙoran tirawut, wani kifi mai farauta, ya bambanta da na bakin tsuntsu, domin na farko tsage-tsage ne da huji, na biyu kuma layuka ne biyu a jere inda baki ya matse. Daga irin wannan ƙirga ya gano cewa allunan gaba suna aiki biyu: suna kare sassan jiki masu muhimmanci daga hujin haƙori, suna kuma tokare gindin ƙayoyin sama da na ƙasa yadda idan maƙiyi ya danna ba za su karye ko su nitse cikin nama ba. Allunan baya kuwa suna hana kifin lanƙwasuwa a maƙogwaron mai haɗiye shi, ta yadda zai ɗauki lokaci yana juya shi a baki, kuma kowane juyi dama ce ta kuɓucewa. Wannan ya warware wani abin da a da ake mamakinsa, wato dalilin da ya sa ko a tafkunan da sulke ya ragu ƙwarai, allunan da ke tsakanin ƙayar baya da ta ciki su ne na ƙarshen ɓacewa.

Sai dai rashin maƙiyi shi kaɗai bai isa ya tuɓe sulke da irin saurin da za a gani a gaba ba. Abin da ba a buƙata yakan iya zama a jiki tsawon zamani idan ba ya cutarwa. Kafin zaɓin yanayi ya kawar da shi cikin 'yan shekaru, sai ya kasance ɗaukarsa yana da tsada. Mahayan lifidi na dakarun sarakunan da sun san wannan lissafi, domin lifidin da ke tare kibiya shi ne kuma yake hana doki sukuwa mai nisa. A kan wannan tsada ne mafi yawan gardamar ta ta'allaƙa.

Tsada ta farko ita ce ta kayan gini. Ƙashi ana yin sa ne da sinadarin kalsiyam da fosfet, ruwan teku kuma cike yake da kalsiyam, alhali wasu tafkunan kusan babu shi a cikinsu, sai kifi ya yi ta kashe ƙarfi wajen tsotso ɗan abin da ke akwai ta gaɓoɓin numfashinsa. Wuri mafi kyau na ganin haka shi ne tsibirin Uist ta Arewa a yammacin Sikotland, inda ƙasa ta rabu gida biyu: gaɓar yamma yashi ne na niƙaƙƙen ƙwanson halittun teku, ruwan tafkunanta na da wadatar kalsiyam, gabas kuma fadama ce ta ruɓaɓɓen tsiro mai ruwa baƙi-baƙi mai tsami. A shekarar 1983 wani mai bincike mai suna Giles ya nuna cewa a tafkunan gabas ne ake samun kifayen da suka rasa alluna da ƙayoyi, wasunsu har da ɗamarar cikin baki ɗaya. Bayanin ya yi kyau a ido, amma yana da rauni, domin tafki mai tsamin ruwa ya bambanta da mai kalsiyam ta fuskoki da yawa a lokaci ɗaya: abincinsa kaɗan ne, kifayensa ƙanana ne, yawan tirawut ɗinsa da girmansu ma dabam, don haka masu binciken da suka koma tsibirin shekaru talatin bayan Giles suka rabu, wasu suna ɗora abin a kan sinadarin ruwa, wasu a kan mafarauta. Abin da Michael Bell da abokansa suka samu a tafkunan yankin Kuk Inlet na Alaska a 1993 ya fi gamsarwa, domin sun ga ɗamarar ciki tana raguwa ne inda abubuwa biyu suka haɗu, ƙarancin sinadaran ruwa da rashin kifaye masu farauta, ba inda ɗaya kaɗai yake ba. Inda maƙiyi mai haƙori yake, kifi yakan biya kuɗin sulke ko da kalsiyam ya yi tsada.

Tsada ta biyu ita ce ta girma, kuma a nan ne gwaji ya fi ƙarfi. Kerry Marchinko da Dolph Schluter na Jami'ar Biritish Kolombiya sun yi renon 'ya'yan kifi masu cikakken sulke da masu ƙarami a ruwan daɗi da na gishiri, suka ruwaito a 2007 cewa a ruwan daɗi masu ƙaramin sulke sun fi saurin girma, a ruwan gishiri kuwa wannan fifiko bai bayyana ba. Saurin girma ba ƙaramin al'amari ba ne ga kifin da rayuwarsa shekara ɗaya ce zuwa uku a ƙasar da hunturu ke daskarar da saman tafki, domin wanda ya fi girma kafin sanyi ya shigo ya fi tara kitsen da zai kai shi bazara, ya fi saurin wuce girman da ƙananan mahara za su iya kama shi, ya kuma riga sauran fara ƙwai. Tsada ta uku ta motsi ce. An auna cewa mai ƙarancin alluna ya fi saurin zabura idan aka firgita shi, kuma masu bincike a Nowe sun nuna cewa da yake ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaukar nauyi ba, kifi mai nauyin ƙashi sai ya faɗaɗa jakar iskar da ke cikinsa kafin ya iya tsayawa a tsakiyar ruwa ba tare da nitsewa ba, wurin da jakar ta ci kuwa wuri ne da abinci ko ƙwai za su zauna.

Akwai kuma wani ra'ayi na Reimchen da ya fi sauran ban sha'awa, ko da yake hujjarsa ba ta kai tasu ƙarfi ba. A tafkunan da babu manyan kifaye, manyan maharan 'ya'yan sitikilbak ƙwari ne, musamman tsutsar mazari, wato ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa, wadda ba haɗiye kifi take yi ba, riƙe shi take yi tana ci. A 1980 ya ba da shawarar cewa ga irin wannan maƙiyi ƙaya ba kariya ba ce, mariƙi ce, tamkar ƙotar da aka miƙa wa mai kamu. Gwajin da Marchinko ya yi a 2009 ya nuna ƙwari sun fi barin masu gajerun ƙayoyi da masu saurin girma, amma wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga amfanin rashin ƙayar ba, don haka abin da ya fi tsayuwa shi ne ƙwari suna cin ƙananan kifaye, duk abin da ke jinkirta girma kuwa, sulke na ciki, yana tsawaita zaman kifi a hannunsu.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa muhalli ne ke juya sulke ta zo ne daga wuraren da aka ga canjin da ido yana faruwa. Tafkin Loberg a Alaska an zuba masa guba a 1982 domin a kawar da kifayen cikinsa a zuba waɗanda masu kamun nishaɗi ke so. Cikin 'yan shekaru sitikilbak na teku suka shigo, kuma lokacin da Bell ya fara ɗibar samfuri a 1990 kashi 96 cikin ɗari masu cikakken sulke ne, amma zuwa 2001 kashi 75 cikin ɗari sun zama masu ƙarami. A tsibirin Midiltin, shi ma a Alaska, girgizar ƙasar 27 ga Maris 1964 ta ɗaga gaɓar teku ta bar sababbin kududdufai, kifayen tekun da suka maƙale a ciki kuma suka ɗauki siffar na ruwan daɗi cikin shekara hamsin. Duwatsun wani tsohon tafki a Nebada, masu kimanin shekara miliyan goma, sun adana irin wannan labari shafi bisa shafi, domin laka ta kwanta a cikinsu shekara-shekara, ana iya bin wani dangin sitikilbak mai cikakkun ƙayoyi yana rasa su sannu a hankali cikin 'yan dubban shekaru.

Amma Tafkin Washintan da ke gefen birnin Siyatil shi ne ya fi koyarwa, saboda a can abin baya ya koma. A tsakiyar ƙarni na 20 garuruwan da ke kewaye suna zuba ruwan masai da aka tace a cikinsa, gansakuka ta yi yawa, ruwan ya yi duhu har mutum ba ya ganin abin da ya nitse ƙasa da mita ɗaya. Tsakanin 1963 da 1968 aka karkatar da ruwan ƙazantar, tafkin ya soma washewa, daga baya har ana hangen mita da yawa. Jun Kitano da Catherine Peichel da abokan aikinsu suka kwatanta tsofaffin samfuran da aka adana da sababbi, suka ruwaito a 2008 cewa a ƙarshen shekarun 1960 kashi 6 cikin ɗari ne kawai ke da cikakken sulke, amma a 2005 sun kai kashi 49. Gishirin ruwan bai zama na teku ba, kalsiyam ɗinsa bai yi wani tsalle ba. Abin da ya canja shi ne gani. Tirawut da ido yake farauta, duhun ruwan kuwa shi ne mayafin da ƙananan kifaye ke fakewa a cikinsa, da aka yaye shi sai sulke ya sake biyan kuɗinsa. Wani gwaji da aka yi a Finlan a 2011 ya zo daidai da wannan: da aka saki babban kifi mai farauta a kan sitikilbak a wurin da babu maɓoya, masu cikakken sulke suka fi tsira, da aka sa maɓoya kuma masu ƙarami suka fi. Ke nan ba yawan maƙiya kaɗai ake dubawa ba, har da yanayin filin da ake haɗuwa da su. A buɗaɗɗen ruwa gudu ba ya fid da kifi, sai abin da zai cece shi bayan an kama shi, a cikin ciyayi kuwa zabura ɗaya ta isa.

Saurin waɗannan canje-canje ba zai fahimtu ba sai an dubi ƙwayoyin gado, wato sassan DNA da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya waɗanda ke tsara siffar jiki. A 2005 ɗakin binciken David Kingsley na Jami'ar Sitanfod ya gano cewa mafi yawan bambancin yawan alluna yana komawa ga ƙwaya ɗaya mai suna Eda, a kan kuromosom (ƙullin DNA) na huɗu, kuma nau'inta mai rage sulke kusan iri ɗaya ne a tafkunan Turai da na Amurka, shekarunsa kuma sun kai wajen miliyan biyu, wato ya girmi tafkunan da yake ciki nesa ba kusa ba. Bayanin shi ne kifayen teku suna ɗauke da shi a ɓoye, ɗaya-ɗaya cikin ɗari, saboda barbarar da ake yi a bakin koguna tsakanin na teku da na ruwan daɗi tana mayar da shi teku a kai a kai. Duk lokacin da sabon tafki ya buɗe, ba jiran sabon canjin gado ake yi ba. Irin yana cikin ayarin da ya shigo, yanayi kawai yake jira.

Sai dai wannan ƙwaya da ta warware matsalar sauri ita ce ta dagula matsalar dalili. Eda ba ta alluna kaɗai ba ce. A jikin ɗan'adam ita ke da hannu a tsiron gashi da haƙora da kafofin gumi, a jikin sitikilbak kuma an nuna tana shafar jerin gaɓoɓin ji da ke gefen jiki waɗanda kifi ke sanin motsin ruwa da su, har da yadda yake bin garke, kuma tana tafiya ne a ɗaure da wasu canje-canjen gado da ke maƙwabtaka da ita. Rowan Barrett da Sean Rogers da Schluter sun zaɓo kifayen teku masu ɗauke da duka nau'o'in Eda biyu suka zuba su a tafkunan gwaji huɗu na ruwan daɗi a Bankuba, suka bi 'ya'yansu wata-wata, kuma sakamakon da suka buga a 2008 ya zo da abin da ba a zata ba. Daga lokacin da alluna suka fara kammaluwa nau'in ƙaramin sulke ya yi ta ƙaruwa, masu shi sun fi girma sun kuma riga haihuwa, kamar yadda aka yi hasashe. Amma a farkon rayuwa, tun kafin allunan su gama fitowa, nau'in raguwa ya yi. Abin da ke kashe ɗan kifin da bai riga ya sa sulke ba, ba za a ce sulke ne ba. Don haka duk wanda ya ga yawan alluna ya canja a tafki ya ce lallai allunan ne yanayi ya zaɓa, ya yi gaggawar hukunci, domin mai yiwuwa wani ɓangare na canjin rakiya allunan suka yi wa wata siffa da ido bai gani ba. Wannan ne ma ya sa tsohon binciken wani masani ɗan Beljiyam mai suna Heuts, wanda tun 1947 ya danganta nau'o'in sulke da jure gishiri da sanyi, ya sake samun masu saurare, musamman da yake a gabashin Turai da gabashin Kanada, inda hunturu ya fi tsanani, ana samun kifayen ruwan daɗi da yawa da ba su tuɓe sulkensu ba.

Ɗamarar ciki kuwa hanyarta dabam ce. A 2004 Michael Shapiro da Kingsley suka danganta ɓacewarta da ƙwayar Pitx1, a 2010 kuma aka gano cewa ƙwayar kanta lafiyarta ƙalau, abin da ya gutsure shi ne ɗan yankin DNA da ke kunna ta a wurin da ɗamarar za ta tsiro, shi ya sa sauran ayyukanta a jiki ba su taɓu ba. Ba kamar Eda ba, wannan gutsurewa ba tsohon gado ɗaya ba ne da aka raba. Ta faru sabuwa a tafkuna dabam-dabam, kowanne da tsawon abin da ya ɓace, saboda wurin yana da saurin karyewa. Bambancin yana da sakamako. Kifayen Tafkin Washintan sun iya mayar da allunansu cikin shekara arba'in domin nau'in cikakken sulke bai ƙare a cikinsu ba, kuma mashigin jiragen ruwa da aka buɗe a 1917 ya haɗa tafkin da teku. Amma kifin keɓaɓɓen tafkin da dukan zuriyarsa suka rasa wancan yanki na DNA ba shi da inda zai ɗauko shi idan aka wayi gari an zuba masa tirawut ko wani maharin. A irin waɗannan kifaye abin da ya rage na ɗamarar ɗan guntun ƙashi ne a ƙarƙashin fata, kuma yawanci na hagu ya fi na dama girma, domin wata ƙwaya 'yar'uwar Pitx1 da ke aiki a ɓangaren hagu na jiki tana ɗan cike gurbin a can. Da wannan karkata ta hagu ce masu bincike ke gane aikin Pitx1 ko a ƙasusuwan Nebada da babu sauran DNA a cikinsu.